Ƙwayar Man Kifi Da Bugun Zuciya: A Yi Hattara

Duk wanda ya saba shiga shagunan kemis na Sabon Garin Gusau ya san waɗannan ƙwayoyi masu ruwan zinariya da ake kira man kifi, wato omega 3. Har a kasuwannin Tsafe da Bungudu masu tallar magani suna yawo da su, suna cewa suna wanke jini, suna gyara zuciya. Dattawa da yawa, musamman masu hawan jini, kan sha su kullum ba tare da likita ya rubuta musu ba. Wasu ma 'ya'yansu ne ke aiko musu daga birni, don ƙauna.

Asalin farin jinin man kifi ya faro ne a shekarun 1970, lokacin da wasu likitocin ƙasar Denmak suka ba da rahoton cewa mutanen tsibirin Girinlan, masu yawan cin kifi da naman dabbobin teku, ba su cika kamuwa da ciwon zuciya ba. Daga nan kamfanoni suka shiga matse man suna zubawa a kafso.

To, amma binciken baya-bayan nan ya fito da wata magana dabam. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Akwai wata cuta da ke sa ɗakunan sama su riƙa kakkarwa maimakon su matsa jini yadda ya kamata, sai bugun ya rikice, wani da sauri, wani da jinkiri. Mai ita kan ji faɗuwar gaba, ko haki, ko jiri, wani kuwa ba ya jin komai. Haɗarin shi ne jinin da ya kwanta a ɗakin sama kan daskare, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya toshe hanya. Mai wannan cuta ya fi sauran mutane fuskantar shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar.

A 2021 wasu masana suka haɗa sakamakon manyan gwaje-gwaje 7 da aka yi a kan mutum fiye da 81,000. Suka tarar masu shan man kifi sun fi waɗanda ba sa sha kamuwa da wannan rikicewar bugu da kashi 25 cikin ɗari. Ga masu shan fiye da giram ɗaya a rana, ƙarin ya kai kusan kashi 49. A 2023 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta ce a rubuta wannan gargaɗi a takardar magungunan omega 3 da likitoci ke bayarwa.

Kada mai karatu ya ɗauka man kifi guba ne. A gwajin da aka bayyana a 2018, wani tataccen nau'insa ya rage bugun zuciya mai tsanani da makamantansa da kashi 25 ga masu yawan kitse a jini, ko da yake a nan ma an sami ƙarin masu rikicewar bugu. Wannan magani ne na likita, mai awo. Na kwalbar kasuwa kuwa, sau da yawa mai sayarwa bai san yawan abin da ke ciki ba, balle mai saye. Ni dai a ganina, kuɗin kwalba ɗaya gara a kai shi wurin mai kifi a sayo taitus ko sadin, iyali duka su ci.

Wanda ya riga ya fara sha, ya ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannunsa, ya ƙirga bugun na minti ɗaya. In ya ji yana tsalle ko ɓacewa, ya ɗauki kwalbar ya tafi da ita Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibiti mafi kusa, ya nemi a yi masa gwajin ECG. Mai shan maganin tsinka jini kuma ya gaya wa likitansa tun kafin ya haɗiyi ƙwaya ta farko.