Itacen da Ke Tsare Gari Daga Teku

Yawancinmu mun girma nesa da teku. Abin da muka sani shi ne fari da zaizayar ƙasa. Amma 'yan'uwanmu na bakin teku a ƙasar Senegal suna da tasu wahala, labarinsu kuwa akwai abin koyo a ciki domin kowane gida.

Mu fara da birnin Saint-Louis, wanda mutanen wurin suke kira Ndar. Wani siririn tudun yashi ne ya raba Kogin Senegal da teku a wurin. A watan Oktoba na 2003 kogin ya cika, har aka ji tsoro zai cinye birnin. Sai hukuma ta sa aka haƙa hanya mai faɗin mita 4 a tudun, domin ruwa ya sami mafita. Ruwan ya janye, mutane suka yi murna. Amma teku ya sami ƙofa. Hanyar ta yi ta buɗewa har ta kai kilomitoci. Ƙauyen Doun Baba Dieye ya nutse, mutanensa suka watse, masunta da yawa kuma suka rasa rayukansu a bakin hanyar. Gyaran gaggawa ya haifi babbar ɓarna.

A kudancin ƙasar, a yankin Kasamans, an bi wata hanya dabam. Can akwai wani itace da ake kira mangurof. Kada mu ɗauke shi mangwaro! Wannan yana tsiro cikin laka, inda ruwan kogi yake gamuwa da ruwan gishiri. Saiwoyinsa suna tsaye a sarari kamar ƙafafu. Su ne suke rage ƙarfin igiyar ruwa, suna riƙe laka, ƙananan kifaye da ƙaguwa da jatan lande kuma suna girma a tsakaninsu.

Dattawanmu suna tuna farin 1973. Farin shekarun nan ya taɓa Kasamans ma. Ruwan sama ya ragu, gishiri ya yi yawa cikin koguna, itatuwan suka yi ta mutuwa. Waɗansu kuma aka sare domin itacen wuta da gini. Da kurmin ya tafi, gishiri ya shiga gonakin shinkafa, kifi kuma ya ragu.

A 2006 wata ƙungiya ta birnin Dakar mai suna Oceanium, a ƙarƙashin Haidar El Ali, ta haɗa kai da mutanen ƙauyen Tobor, suka shuka iri 65,000. Aikin ba shi da wuya. Irin dogo ne kamar alƙalami, yana fara tsiro tun yana jikin uwarsa. Da damina, sa'ad da ruwan teku ya janye, sai a ja layi, a soka shi cikin laka. Yaro ma yana iyawa. Da dare akan nuna majigi a ƙauyuka, a tattauna, da safe samari da 'yan mata da iyayensu su shiga laka tare. Cikin 'yan shekaru ɗaruruwan ƙauyuka suka shuka miliyoyin itatuwa a Kasamans da Sine Saloum. A 2012 aka naɗa Haidar ministan muhalli.

Ba duk abin da aka shuka ya rayu ba. Inda gishiri ya yi yawa, ko ruwa ba ya hawa yana sauka kullum, irin yakan bushe. Wannan ma darasi ne, gama dole a san halin wuri kafin a taɓa shi. Teku kuwa yana ƙara hawa saboda ɗumamar duniya, itace kaɗai ba zai tsare kowane gari ba.

Duk da haka, yaron da ya shuka itace da hannunsa ba zai yi saurin ɗaukar gatari a kansa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye da malamai, mu tambayi kanmu: wane itace ne yake tsare gonarmu daga iska da zaizaya? 'Ya'yanmu sun san sunansa? Daminar bana, bari kowane yaro a gida ya sami nasa dashe, ya riƙa ba shi ruwa har ya kama.