Maƙerar Kebbe ita ce makarantar ƙira

Da zarar an ga alamun damina a Kebbe da Kuchi da Tambuwal, manomi yakan ɗauki hauya da galma ya nufi maƙera, domin babu wanda zai gyara masa bakin garmar shanu da sauƙin kuɗi kamar maƙerin garinsu. Abin damuwa shi ne yawancin masu wannan aiki sun manyanta, kuma gadon da aka dogara da shi wajen samun magada ya fara rauni. Ra'ayina shi ne a buɗe maƙera ga duk yaron da ke so, ɗan gado ne ko ba ɗan gado ba, a kuma tallafa wa maigidan da zai koyar da shi.

Ƙira ba ta koyuwa da bayani. Yaro yana farawa ne da zuga, yana danna zuga-zugi hannu bayan hannu, idonsa a kan gawayin ƙirya, har ya gane lokacin da sifirin mota ya tashi daga ja ya koma ruwan ɗorawa. Sai an jima za a ba shi awartaki ya riƙe ƙarfe a kan uwar maƙera, daga baya masaba. Mafi wuya shi ne sanin lokacin tsoma lauje a ruwa: in aka yi kuskure, ko dai bakin ya karye a gona ko ya lanƙwashe. Wannan sani sai da shekaru a gefen gwani, shi ya sa horon wata uku da ake rufewa da rabon takardar shaida ba ya fitar da maƙeri.

Wasu dattawa za su ce ƙira tana da asiri, ba a ba bare. Ina girmama wannan, kuma ba wanda ya ce Sarkin Maƙera ya tona sirrin wasan wuta. Amma ƙera gatari ba sirri ba ne, kuma sana'ar ta taɓa canzawa ba ta mutu ba: kakanni sun narka tama, jikoki suka koma tsohon ƙarfen mota, ga unguwar Maƙera Assada a Sakkwato tana nan da masu ƙira. Iyaye kuma suna tsoron yaro zai bar boko. Ai ba dole ba ne, tunda yamma da ranakun hutu sun ishi mai farawa, lissafin da ya koya a aji ma zai taimake shi wajen awo da ciniki.

Hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, NDE, wadda aka kafa a 1986, tana da tsarin haɗa matasa da masu sana'a su koya a hannunsu. Ƙaramar hukumar Kebbe za ta iya yin haka da maƙeranta: ta biya maigida ladan koyarwa, ta taimaka da gawayi da ƙarfe, domin almajirin ƙira yana ɓata kaya da yawa kafin hannunsa ya faɗa, kuma maƙerin ƙauye ba zai iya ɗaukar wannan asarar shi kaɗai ba.