Kafin Ka Biya Kuɗin Makarantar Kwamfuta

Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, makarantun koyon kwamfuta suka yawaita a garuruwanmu. Da wuya ka bi babban titi a Kano ko Zariya ko Gusau ba ka ga allon da aka rubuta "difloma cikin wata uku" ba. Iyaye ba su yi laifi ba da suke rububin kai 'ya'yansu, tunda neman aiki da rajistar jami'a duk sun koma intanet. Sai dai yara da yawa suna gamawa da takarda mai ado a hannu, amma in ka ce su buga maka wasiƙa su aika ta imel, sai ido ya raina fata.

Abin da ya kamata ka fara aunawa shi ne awa nawa hannun ɗalibi zai yi a kan madannai. Kada ka je ranar da mai makaranta ya gayyace ka. Faɗa musu lokacin da ake tsakiyar darasi, ka ƙirga ɗalibai, sannan ka ƙirga kwamfutocin da ke kunne, ban da waɗanda aka jera an lulluɓe da ƙyalle. In mutum huɗu ne suka yi cincirindo a kan guda ɗaya, to ɗaya ne ke koyo, ukun kallo suka biya. Ka kuma tambayi yadda ake yi in an ɗauke wuta: akwai sola, ko inji ne, kuma wa ke sayen mai? A wurare da dama, wuta na tafiya malam zai koma kan allo ya yi ta rubuta tarihin kwamfuta, ɗalibai na kwafa, a haka wata guda zai shuɗe.

Malami kuwa, ɗalibansa ne shaidarsa. Nemi wanda ya kusa gamawa, ka roƙe shi ya tsara maka lissafin cinikin shago a Excel, ya ajiye a filash. In da hali ka ce ya buga maka jimlar Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ. Abin takaici ne yadda ake yaye Bahaushe bai san inda haruffan harshensa suke ba.

Batun takarda na buƙatar a yi hattara. Rajistar CAC da ake liƙawa a bango shaidar kasuwanci ce kawai, ba ta ce komai a kan ingancin karatu. Diflomar wata uku kuma ba ita ce ND da ake yi shekara biyu a kwalejin kimiyya da fasaha ba. Hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna ita ke tantance makarantun da ke ba da ND, don haka wanda ke son takardar da za ta kai shi gaba a karatu ko aikin gwamnati, ya tabbatar sunan makarantar na cikin jerinta. Wanda sana'a yake nema, misali zanen katin biki da CorelDRAW, abin da hannunsa ya iya shi ne zai kawo masa ciniki.

Akwai kuma horo na kyauta. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da mutum miliyan 3, hukumar NITDA da cibiyar CITAD ta Kano ma sukan shirya nasu. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya samo maka gurbi, ka yi nesa da shi.

Ko makarantar ta yi kyau, mafi yawan ɗalibai ba su da kwamfuta a gida, hannu kuma yana saurin mantuwa. Nan amfanin rukunin karatu yake. Mutum huɗu ko biyar daga ajinku sun isa, ko da laftof ɗaya ce a tsakaninku: ku sa rana, ku haɗa kuɗin data, kowa ya karɓi madannai bi da bi, wanda ya fi ganewa ya riƙe hannunsa ya yi bayani da baki. Ku riƙa ɗaukar aiki na gaske, kamar buga sakamakon jarrabawar Islamiyyar unguwa. Masu sha'awar rubuta manhaja su nemi tarukan Google Developer Groups da ake yi a birane irin su Kano da Kaduna. Masu rubuta Wikipedia ta Hausa ma sukan koyar da sababbin shiga.

Zaurukan WhatsApp na da amfani wajen tambaya, amma wanda ya tara ɗaruruwan mutane ba doka yakan koma dandalin tallace-tallace da saƙon "tura wa mutum goma". Ga 'yan mata da matan aure, ya fi sauƙi su haɗa rukuninsu su kaɗai, da rana, a wurin da aka sani a gida, kamar ɗakin karatu ko ajin makarantar kanta bayan an tashi. Ana iya neman wannan izini daga mai makaranta tun kafin a biya kuɗin rajista.