SHIGAR DA JERIN SUNAYE CIKIN RUMBUN KWAMFUTA

Tun ran 1 ga Oktoba 1996, sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga cikin Jihar Filato, garin Lafiya ya zama matattarar takardun ƙananan hukumomi 13. Jerin sunayen ma'aikata, da na 'yan fansho, da na 'yan makaranta, nan suke haɗuwa daga Keffi da Akwanga da Doma da Awe da sauransu. A da, cikin manyan littattafan rajista ake rubuta su. Yanzu kuwa rumbun kwamfuta ake zuba wa, watau ma'ajiya guda inda kowane mutum ke da layinsa, kowane bayani kuma da gurbinsa.

Yadda Fayil Yake

Galibi akan aiko da jerin cikin fayil na rubutu zalla, irin wanda masana ke kira CSV. Kowane layi mutum ɗaya ne. Tsakanin suna da ranar haihuwa da adireshi akan sa wata alama mai rabewa, yawanci waƙafi. Kwamfuta ba ta san mutum ba, alamun nan kaɗai take ƙirgawa. Abin da ya biyo bayan waƙafi na biyu, gurbi na uku za ta kai shi, ko ya dace ko bai dace ba.

Inda Kuskure Ke Shigowa

Wahalar ita ce ba kowane ofis ke bin tsari ɗaya ba.

1. Alamar rabewa. Wani ofis waƙafi yake sawa, wani tazara. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci, kamar Nijar, an fi sa waƙafi mai ruwa.

2. Waƙafi cikin adireshi. In akawu ya rubuta Bukan Sidi, Lafiya, kwamfuta za ta ɗauke shi bayani biyu. Daga nan duk abin da ya biyo baya sai ya goce, har albashi ya faɗa gurbin da ba nasa ba. Maganinsa shi ne a kewaye adireshin da alamar zance.

3. Kwanan wata. A Nijeriya 03/04/1985 yana nufin 3 ga Afrilu. A tsarin Amurka kuwa 4 ga Maris ke nan.

4. Sifiri. Lambar wayar hannu alƙaluma 11 ce, da sifiri take farawa. In kwamfuta ta ɗauke ta lambar lissafi, sai ta yar da sifirin, saura 10.

5. Haruffa masu lanƙwasa. In ba a adana fayil bisa tsarin UTF-8 ba, ƙ da ɗ da ɓ sukan lalace, har Ɗanladi ya koma ?anladi.

Abin Da Ya Wajaba

Tun ran gini, tun ran zane. Lalle ne hedkwata ta aika wa kowane ofis samfurin fayil guda, mai sunayen gurabe a layin farko. Ma'aikacin da ya karɓi fayil ya buɗe shi ya duba da idonsa kafin ya shigar. Ya fara zuba shi a rumbun gwaji, ya ƙirga layukan da aka aiko da waɗanda suka shiga. Layin da kwamfuta ta ƙi, kada a share shi. A ware shi, a mayar wa ofishin da ya aiko domin gyara. Har ila yau, a ajiye ainihin fayil yadda ya zo.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Tun da aka kafa hukumar katin ɗan ƙasa a 2007, aka kuma soma lambar shaidar banki a 2014, gwada bayanan mutum na wannan rumbu da na wancan ya zama ruwan dare. In suna ko ranar haihuwa suka saɓa, tsohon malamin da ya yi wa ƙasa aiki shekara 35 yana iya yin watanni yana zirga-zirga zuwa Lafiya, ba fansho. Saboda haka ana kira ga akawuna su kula da aikinsu, jama'a kuma su duba sunansu da ranar haihuwarsu kafin su sa hannu a kowace takarda.