Tawali'u a Gidan Mai Bin Almasihu

Daga cikin cututtukan zuciya da malaman dā suka lasafta, babu wadda take saurin kama yaro kamar girman kai, kuma abin takaici shi ne sau da yawa iyayen da suke kuka da ita su suka ɗura masa ita da hannunsu. Malaman sun rarrabe ujubu da kibri: ujubu shi ne mutum ya ƙayatu da kansa ko yana shi kaɗai, kibri kuwa sai ya sami wanda zai raina tukuna. Na farko ne yake haifar da na biyu.

Gidajen Kirista na ƙasar Hausa suna da tasu jarrabawa a nan. Tun sa'ad da mishan ta tashi daga birnin Zariya ta koma Wusasa a 1929, aka kuma fitar da Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932, 'ya'yansu suka sami rabon karatu da wuri, ni'ima ce babu shakka, amma ni'imar da ta sa wani yaron yakan gyara wa kakarsa magana a gaban baƙi. Mafi haɗari ma shi ne alfahari da ibada, domin yaron da ya haddace ayoyi a makarantar Lahadi, aka tafa masa a majami'a, uwarsa ta dawo gida tana cewa ai ya fi ɗan wance, to, an koya masa addu'ar Bafarisiyen nan na Linjilar Luka sura 18, wanda ya tsaya a Haikali yana gode wa Allah don bai zama kamar mai karɓar haraji ba. A yaba wa yaro ƙoƙarinsa, wannan wajibi ne, amma kada a auna shi da ɗan maƙwabci.

Kada kuma mu ɗauka durƙusawa wajen gaisuwa ita ce tawali'u, ladabi ne mai kyau, sai dai gwiwa takan kai ƙasa alhali zuciya tana tsaye. Tsawa da bulala ma tsoro suke haifarwa, ba tawali'u ba.

Almasihu, da almajiransa suka tambaye shi wane ne babba, ƙaramin yaro ya kira ya tsayar a tsakiyarsu. A daren jibin ƙarshe kuwa, kamar yadda Yohanna ya ruwaito a sura 13, ya yi ɗamara da mayafi, ya zuba ruwa a daro, ya wanke musu ƙafafu, aikin da bawa ke yi wa baƙo. Duk wanda ya san ƙafar matafiyi cikin hunturu, da ƙura da kaushi da faso, ya san nauyin wannan al'amari.

Ina yaro, mahaifina ya taɓa dukana bisa zargin na ɓatar da kuɗin baiko, daga baya aka same su cikin aljihun rigarsa. Da magariba, bayan an gama addu'ar gida, ya kira ni a gaban ƙannena da yaron da ke yi mana kiwo, ya cire hularsa, ya ce, "Ɗana, na zalunce ka, ka yafe mini." Na rasa inda zan sa idona, sai na ce, "Baba, ba komai," shi kuwa bai mayar da hular ba sai da na furta da bakina cewa na yafe.