Kalmar Shekara: Shagala

Bana mun zaɓi kalmar da malamanmu suka fi yi mana faɗa da ita, wato shagala.

Asalinta Larabci ne, daga "shagala", ma'ana wani abu ya cika wa mutum lokaci. "Shuglu" kuma aiki ne. Daga wannan tushe Hausa ta samu shagali, kamar shagalin biki ko na Sallah. To kun ga, wanda ya shagala ba lallai malalaci ba ne. Sau da yawa aiki yake yi tuƙuru, sai dai ba aikin da ya kamata ba. A Suratul Fathi, aya ta 11, da wannan fi'ilin ne Larabawan ƙauye suka kafa uzurinsu na ƙin fita tare da Manzon Allah (SAW): wai dukiya da iyali suka riƙe su. Dukiya da iyali ai halal ne, amma uzurin bai karɓu ba.

Yadda muke amfani da ita iri biyu ne. Idan mutum shi ya saki hankalinsa, sai mu ce "ya shagala". Idan wani ne ya janye masa hankali, sai mu ce "an shagaltar da shi". Ku je kasuwar Arzeke nan Parakou ranar da ta cika: wani yana tambayar ka hanya, abokinsa yana laluben aljihunka. Wannan shagaltarwa ce ta mugunta. Amma uwa ma kan shagaltar da jaririnta da wasa a asibiti har a gama yi masa allura. Kalmar ɗaya ce, niyya ce ta bambanta.

Fataken da suka riƙa bi ta Djougou da jakunansu zuwa Gwanja neman goro sun san cewa wanda ya shagala a zango, ayari ba ya jiran sa. Mu yau zangonmu waya ce. Ka ɗauka don duba saƙo ɗaya bayan Magariba, kafin ka ankara an kira Isha'i, allo yana jingine, hadda ba ta zauna ba. Gobe kuma ga lakwal.

Hausawa sun ce hankali ke gani, ido gululu ne. Saboda haka kafin mu ce "ba mu da lokaci", mu tambayi kanmu: me ya cinye shi?

Allah Ya tsare mu daga gafala, amin.