Ƙuri'ar Dogo Tebo Da Lissafin Kasuwar Potiskum

Mazaɓar Dogo Tebo ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Potiskum a Jihar Yobe, kuma tana cikin garin ne sosai, inda akasarin magidanta ke cin abinci daga kasuwa, ko tashar mota, ko kuwa aikin gwamnati. Saboda haka duk mai son fahimtar yadda mutanen unguwar ke jefa ƙuri'a, tilas ya fara duba abin da ke shiga aljihunsu.

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar tana da mutane fiye da 200,000. Garin yana kan mahaɗar hanyoyin Kano da Bauchi da Gombe da Gashuwa da Maiduguri. Kasuwar shanunsa tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, ga kasuwar hatsi, ga ɗimbin manyan motocin dakon kaya da ke kai dabbobi da wake kudancin ƙasar nan. Amma da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Yobe daga tsohuwar Jihar Borno ran 27 ga Agusta, 1991, Damaturu aka ba hedkwata. Ciniki ya zauna a Potiskum, baitulmali kuwa ya koma wani gari mai nisan kimanin kilomita 100 gabas.

Rabon kujerar gwamna ya ƙara wa wannan ƙorafi nauyi. Bukar Abba Ibrahim da Ibrahim Gaidam da Mai Mala Buni duk daga shiyyar gabas suka fito. Mamman Bello Ali kaɗai ne daga shiyyar kudu, inda Potiskum take, ya hau kujerar a 2007, ya kuma rasu a watan Janairun 2009 kafin ya cika shekara biyu. Wannan ne ya ba jam'iyyar PDP gindin zama a garin, a jihar da ba ta taɓa cin zaɓen gwamna ba tun 1999. Adamu Maina Waziri, ɗan asalin Potiskum wanda ya riƙe muƙamin minista a Gwamnatin Tarayya, ya yi wa jam'iyyar takarar gwamna fiye da sau ɗaya bai kai ga nasara ba.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa mutanen yankin 'yan a-bi-yarima ne na wata jam'iyya guda. Ran 28 ga Maris, 2015, Jihar Yobe ta ba Muhammadu Buhari na APC gagarumin rinjaye, amma a rana ɗaya ɗin shiyyar kudu ta aika da Mohammed Hassan na PDP Majalisar Dattijai. Dalilin ƙuri'ar Buhari ba ɓoyayye ba ne. A watan Mayun 2012 'yan bindiga sun kai hari kasuwar shanu, suka kashe mutane sama da 30, dabbobi masu yawa suka ƙone. A watan Nuwamban 2014 kuma bam ya hallaka ɗalibai fiye da 40 a makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati. Fatake sun ɗauke ƙafa, shingayen bincike sun ƙara kuɗin dako, dokar hana fita ta rage sa'o'in ciniki. Ɗan kasuwa ya hukunta gwamnatin da ke Abuja da ƙuri'a ɗaya, ya tuna wa ta Damaturu kukansa da ɗayar.

Irin haka ta sake faruwa a 2023, amma ta wata fuskar. Sauya fasalin takardun Naira da Babban Bankin Nijeriya ya yi ya janyo ƙarancin tsabar kuɗi makonni kaɗan kafin zaɓe. Cinikin shanu kuwa na tsaba ne: makiyayin da ya koro sansa daga ruga sau da yawa ba shi da asusun banki, dillali na jiran la'adarsa hannu da hannu, haka ma masu lodi da direba. Atiku Abubakar na PDP ya ci jihar da ƙuri'u 198,567, Bola Tinubu na APC ya samu 151,459. Ba za a ɗora wannan sakamako kacokan a kan ƙarancin kuɗi ba, domin batun yanki ma ya yi tasiri, amma da wuya a ce bai ƙara wa wutar itace ba. Makonni uku bayan haka Gwamna Buni ya koma kujerarsa cikin sauƙi, yayin da kujerar sanatan kudu sai da aka je zaɓen cike giɓi kafin Ibrahim Bomai na APC ya tsira da ita da ƙyar.

Akwai kuma batun sarauta, wanda 'yan siyasa ba su cika son ambata a bainar jama'a ba. Garin na ɗauke da fadar Mai Fika da ta Mai Potiskum, masarautar da gwamnatin Bukar Abba ta kafa a 1993, soja suka soke, aka maido da ita a 2000. Wajen tsayar da ɗan takara, jam'iyyu kan auna tsakanin Bolewa da Ngizim da Karekare da Hausawa da Fulani kamar yadda mai awo ke auna mudu.

Abin takaicin shi ne, a zaɓen da ya fi kusa da rayuwar unguwa ne ƙuri'ar ta fi rashin daraja. A zaɓen ƙananan hukumomi da hukumar zaɓe ta jiha ta gudanar a 2021 da kuma 2024, APC ce ta kwashe kujerun shugabannin ƙananan hukumomi 17 gaba ɗaya. Alhali kuwa tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da magudanun ruwa, wato ainihin wuraren da mutumin Dogo Tebo ke biyan haraji kullum. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga Asusun Tarayya, amma hukuncin bai taɓa ikon da jihohi ke da shi na shirya zaɓen ba. Wa'adin Gwamna Buni na biyu zai ƙare a watan Mayun 2027.